Sabuwa a kwali ko tokumbo? Amsa ga ɗan'uwanmu na Agege kan siyan laftof

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne a NOUN, jami'ar karatu daga gida, kuma ni ke riƙe wa yayana lissafin shagonsa a Agege. Na tara naira dubu 400 ina son siyan laftof, aikina dai Excel ne da karatu ta intanet da Zoom, sai ɗan haɗa bidiyon tallan kaya da CapCut. Na je Ikeja an nuna min guda uku, kaina ya kulle. Ta farko HP sabuwa a kwali, Celeron, RAM 4GB, sun ce warantin shekara ɗaya. Ta biyu tokumbo ce, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, Core i7, mai shagon ya ce ba ta da ta biyu, kuma ita ta fi araha. Ta uku tokumbo HP EliteBook 840 G5, Core i5, RAM 8GB, SSD 256, warantin wata ɗaya. Wacce zan ɗauka? In ƙara RAM tun yanzu ko in bari? Tsorona kar in saya ta mutu bayan wata biyu, kuɗin nan da ƙyar na tara su."

Wa'alaikumussalam ƙanina, Allah ya sa wa neman albarka. In na fahimce ka, ba sunan laftof kake nema ba, so kake ka san wacce ce ba za ta sa ka kuka ba, kuma kalmar "warantin shekara ɗaya" ita ke jan zuciyarka wajen ta kwali. To bari in faɗa maka tun farko don kar in ja ka da nisa: a cikin ukun nan ni ta uku zan ɗauka, EliteBook ɗin, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan su ne ainihin maganar. Na fi shekara goma ina buɗe bayan laftof a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, abin da na gani shi ne mutanenmu sun fi yin asara a wuri biyu, wajen sitikar da ke manne a jikin na'ura da wajen alƙawarin baki.

Maganar i7 ɗin nan

Mu fara da wadda aka ce maka ba ta da ta biyu. Ruwa ba ya tsami banza, i7 ta fi i5 araha a kasuwa ɗaya, layi ɗaya, ai ka san da walakin. Sunan i7, wato ajin firosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka ga lambar da ke biye da shi. In ka ga i7-6600U ko i7-7500U, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce jenareshon, wato na 6 da na 7 kenan, kuma waɗannan kawuna biyu kacal gare su a ciki, wato sassan da ke raba aiki a tsakaninsu. Shi kuwa i5-8250U ko i5-8350U na jenareshon 8 kawuna huɗu gare shi. Ka ɗauka ɗan dako biyu ne ƙarfafa a gefe guda, huɗu a ɗaya gefen, aka ce su sauke tirelar albasa a Mile 12, wa zai riga gamawa? Shi ya sa i5 na 8 yake wuce i7 na 7 a irin aikin bidiyon da kake so, duk da sitikar i7 ta fi ƙyalli.

Sannan ga maganar Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance daga jenareshon 8 na Intel yake farawa, ko Ryzen 3000 zuwa sama a laftof masu firosesan AMD, kuma sai da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin na'urar. Za ka ga tsofaffin na'urori a kasuwa ɗauke da Windows 11 fes, e, yaran shago sun iya cusa shi ta bayan gida, yana kuma tafiya, amma ba ka da tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da shigowa lafiya lau. Don haka kar fuskar Windows 11 ta ruɗe ka. Danna dama a kan taskba ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, za ka ga cikakken sunan firosesan a sama. Wannan binciken ka yi wa ita ma EliteBook ɗin, domin akwai 840 G5 da suka fito da i5 na jenareshon 7, jiki iri ɗaya, launi iri ɗaya, sai ka duba ciki za ka gane. In ta 7 ce ka ajiye masa kayansa ka yi gaba.

Ta kwali mai Celeron

Ita wannan kyan ɗan maciji ne. Sabuwa ce, tana ƙamshin leda, in ka kai ta gida kowa zai ce ma sha Allah, amma ranar da ka buɗe Zoom da Chrome da Excel a lokaci ɗaya za ka ji kamar kana gosulon Oshodi da yamma. RAM 4GB shi ne mafi ƙanƙantar abin da Windows 11 ke yarda da shi, kusan shi kaɗai zai cinye, ba a ma zo kan aikinka ba. CapCut kuwa kar ma ka wahalar da baiwar Allah. Abin da ya fi ba ni haushi da irinsu shi ne da yawa ba sa karɓar ƙari, RAM ɗin a like yake da jikin bod, wato babban allon cikin na'ura, ma'ajiyar ma wani lokaci ba SSD ba ce, wata ƙarama ce da ake kira eMMC mai 64GB ita ma a like, wato yadda ka saye ta haka za ta tsufa.

Amma kar in zalunci sababbi gaba ɗaya. Da a ce ta kwalin Core i3 ce ta jenareshon 12, irin i3-1215U, ko Ryzen 5 na 'yan shekarun nan, da RAM 8GB da SSD na gaske, to lissafi ya canza, don wannan i3 ɗin ya fi i5 na 8 gudu, ga sabon batir ga waranti. Matsalar kawai kuɗinta yakan haura abin da ke hannunka, kuma jikinta roba ne, hinjinta bai kai na EliteBook ƙwari ba. In ka samu irinta a kuɗin da za ka iya, daga dila na gaskiya, ba zan hana ka ba. Celeron ɗin dai ce ban yarda ba.

Me waranti ke nufi a garin nan

Nan zan ɗan zauna, don nan tsoronka yake. Waranti iri biyu ne kuma mutane na haɗa su wuri ɗaya. Akwai na kamfanin da ya ƙera, akwai na mai shago.

Na kamfani yana bin siriyal lambar na'urar ne, ba bakin mai sayarwa ba. HP da Dell da Lenovo duk suna da shafi a intanet da za ka saka lambar ya nuna maka ranar da warantin ya fara da ranar da zai ƙare, a Dell sunan lambar Service Tag. Da wayarka za ka yi wannan a tsaye a gaban mai shago, minti biyu. Sau nawa ana kawo min "sabuwa" in duba in tarar warantinta ya fara tun wata takwas da suka wuce, ko ya ƙare ma gaba ɗaya, ko kuma an yi ta ne don kasuwar Amurka ko Dubai aka shigo da ita ta wata hanya, in ta samu matsala a fara yi maka kwana-kwana. Wasu ma gyararru ne aka goge aka mayar cikin kwali aka naɗe da leda, injin naɗe leda ai ba tsada gare shi ba.

Ko da warantin na gaske ne, abin da ya ɗauka shi ne laifin ƙira, wato na'ura ta lalace da kanta ba ka yi mata komai ba. Bai ɗauki faɗuwa ba, bai ɗauki ruwa ko shayi ba, bai ɗauki wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona ta ba. To kai da kake Legas faɗa min, me ke kashe laftof a nan in ba waɗannan ukun ba? Akwai wani bawan Allah mai sayar da tumatir da ya saya wa 'yarsa sabuwa fil, wata huɗu da siye aka ɗauke wuta, yaro ya tada janareta laftof tana jone a soket, ƙaramin ƙara kawai suka ji, shikenan. Ya koma inda ya saya da rasit ɗinsa a hannu, aka karɓa aka riƙe sati uku, ƙarshe aka ce wuta ce, ba ruwan waranti. Da ya kawo min na buɗe bayan, ga wurin nan kusa da inda caja ke shiga ya yi baƙi kamar an ɗiga masa tawada, ƙaurin ma bai gama fita ba. Ya tsaya yana jujjuya rasit ɗin yana cewa "to Injiniya wannan takardar amfanin me ke gare ta?" Ban da abin ce masa, domin a ƙa'ida ba su yi ƙarya ba, shi ne ba a gaya masa iyakar abin ba ranar da ake karɓar kuɗinsa.

Na mai shago kuwa, ƙarfinsa daidai yake da mutuncin mai shagon da kuma ko za ka same shi in ka dawo. Shi ya sa abu na farko, kar ka saya a hannun yaran nan da ke tare mutum tun daga ƙarƙashin gada suna "oga wetin you wan buy", su ja ka lungu su ɗauko kaya daga shagon wani su ɗora nasu a kai, gobe in ka dawo babu wanda ya san su. Ka shiga shago mai lamba mai suna, ka tabbatar asusun da za ka tura wa kuɗi sunansa ya yi daidai da na kan rasit. A rasit ɗin kuma a rubuta model da siriyal lamba da girman RAM da SSD da kwana nawa ne warantin da abin da ya ƙunsa. Ka tambaye shi ƙarara: in ta lalace cikin watan nan canza min za ka yi, ko gyarawa, ko kuɗina za ka dawo min? Batir da sikirin da kibod suna ciki? Yawanci za su ce ba sa ciki, to gara ka ji tun yanzu. Rasit ɗin nan ka ɗauki hotonsa ka ajiye a waya, ko a hanya ana iya tsayar da kai a tambaye ka shaidar na'urar da ke jakarka.

Wata ɗaya ba shi da yawa, amma ba banza ba ne in ka yi amfani da shi. Tokumbon da ke da ciwo a ɓoye yawanci a satin farko ko na biyu take nuna hali, in dai ana aiki da ita sosai. Kuskuren mutane su saya su kai gida su lulluɓe da zani suna tattalinta har watan ya wuce. A'a, ka ba ta wuya, bidiyo, Zoom, caji da cirewa, kullum, tun kana da inda za ka mayar.

Ranar siye

Gani ya kori ji, kuma wannan awa ɗayan da za ka yi a shago ya fi maka warantin amfani. Ka je da safe, ka je da filashinka da iyafis, kar ka yarda a hanzarta ka. Ka fara da BIOS, shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ya tashi, a HP kana kunnawa ka dinga danna F10, in ta nemi fasawod ka bar ta, ta wani kamfani ce da ba a cire mata kulle ba. Ni kaina na taɓa cin wannan ƙasar, na sayi guda biyar a hannun wani da na yarda da shi, duk suna aiki lafiya, sai da na yi musu sabon Windows na jona intanet, uku suka fito da sunan wani kamfani na Ingila suna neman imel ɗin ma'aikaci. Tun daga ranar ba na biya sai an yi sabon Windows a gabana an jona intanet an wuce wurin saitin farko. Kai ma ka nemi a yi haka, in ya ƙi to akwai dalili.

Batir kuma kar ka tsaya kan "yana yin awa biyar" na baki. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da takarda, ka nemi layi biyu, Design Capacity da Full Charge Capacity. Na farko abin da batirin ke ɗauka yana sabo, na biyu abin da ya rage masa yau. Batirin 840 G5 wajen 50Wh yake zuwa, in ka ga ya koma ƙasa da kashi 70 cikin 100 to ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Ka kuma kwantar da ita a tebur ka kalle ta ta gefe, in wurin linzamin yatsa ya ɗago ko ƙasanta ya yi tulu, batir ya kumbura.

Sauran ba su da wuya. Buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Sa farin shafi ya cika sikirin sannan baƙi, ka nemi tabo ko layi. Gwada kowace kafar USB da filashinka, gwada kamara da makirfo tunda Zoom za ka yi, jona wayarka ta hotspot ka ga Wi-Fi na kamawa. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa ka ji ko hinji na ƙara. Sa manhajar CrystalDiskInfo a filashin tun daga gida, zai nuna maka lafiyar SSD da awa nawa ta yi tana aiki. Sai ka kunna bidiyo mai nauyi a YouTube ka bar shi minti 20 kuna hira, ka sa hannu wajen da iska ke fita ka saurari fanka. In za a yarda a buɗe maka bayanta ma ya fi, ka duba ko akwai tsatsa mai kore-kore ko fari kamar gishiri a kan bod, alamar ruwa ya taɓa shiga kenan, ko ta daɗe a wuri mai danshi, ka san iskar garin nan.

Ƙarin RAM, yanzu ko gaba

Tunda kai mai lissafin shago ne, ka ɗauki RAM a matsayin kantar shago, SSD kuma sito. In kanta ta yi ƙanƙanta kowane abu sai an ruga sito an ɗauko, nan jinkiri ke shigowa. Daɗin 840 G5 shi ne ramin RAM biyu gare ta, DDR4, tana ɗauka har 32GB, SSD ɗinta ma irin M.2 ce da ake cirewa a sa wata. ThinkPad T480 da Dell Latitude 5490 su ma haka suke, in ba ka samu wannan ba ka duba su. Wannan ne ma babban dalilin da ya sa na zaɓe ta, na'ura ce da aka yi ta don a buɗe a gyara, kuma kayanta sun cika Ikeja saboda kamfanonin Turai da Amurka sun saye su da yawa sun sake su da yawa.

Don Excel da karatu 8GB ya isa. Don CapCut tare da Chrome mai shafi goma a buɗe, 16GB za ka ji bambanci ƙwarai. Shawarata in kuɗin sun kai ka ƙara 8GB ɗin a ranar, a shagon da ka saya, a gabanka, a rubuta a rasit. Dalili kuwa, masu shago suna manna 'yar sitika a kan sukurun baya, in ka je wani wuri aka buɗe aka yaga ta, warantin wata ɗayan nan ya tafi. Ka duba ko 8GB ɗin da ke ciki sanda ɗaya ce ko 4 da 4 ne, in sanda ɗaya ce sai a ƙara mata 'yar'uwa a ɗaya ramin, kuma sanda biyu suna taimaka wa ɓangaren hoto ya ɗan ƙara gudu. In 4 da 4 ne sai an cire, to ka ce ya karɓi nasa ya rage maka kuɗi. Bayan an sa ka koma Task Manager ka ga 16 da idonka.

SSD kuwa kar ka yi gaggawa, 256 za ta riƙe ka in kana kwashe tsofaffin bidiyo zuwa waje. Ranar da ta cika ka sa 512, amma ka sayi mai sunan da aka sani, jabun SSD sun yi yawa. Abin da ba ya ƙaruwa shi ne firosesa da katin hoto, a like suke, duk wanda ya ce maka zai mayar da i5 ta koma i7 daga baya yana neman kuɗin shayi ne.

In kuɗin ba za su kai RAM da sauran abubuwa ba, to ga abin da zan fifita a kan RAM ɗin: caja ta asali da abin kare wuta. Tokumbo da yawa ana haɗa su da cajar da ba tasu ba, mara nauyi kamar kwalin ashana, ita ce ke cin batir ta kuma sa linzami rawa in an jona. Ka nemi ta asali ta HP mai shuɗin baki, 45W ko 65W, ko da tokumbo ce ta fi sabuwar jabu. Ka sayi soket mai kariya daga hawan wuta, kuma ka sa wa kanka doka, ana ɗauke wuta ka zare caja, kar ka mayar sai janareta ya daidaita ko wutar ta zauna. Jaka mai katifa a ciki wadda ruwa ba ya ratsawa ita ma dole ce ga mai shiga danfo da damina. Sannan ka rage wani abu a aljihu, ko dubu 30 ne, kar ka ƙarar da 400 ɗin duka a shago, wannan ragowar ita za ta sai maka batir ko kibod in wata ɗayan ya wuce.

Iyakar abin da zan iya daga nan kenan, domin na'urar ba ta hannuna, 840 G5 biyu za su iya zama a tebur ɗaya, ɗaya ta yi shekarunta a ofis mai sanyi ɗaya ta sha yawo da ƙura, kuma na'ura ce ta 2018, ba yarinya ba ce, ko ta wuce duk gwajin nan ba wanda zai rantse maka bod ba zai taɓa tsayawa ba. Bidiyon talla na minti ɗaya ko biyu za ta yi maka shi lafiya, amma in nan gaba ka koma 4K ko manyan ayyuka sai ka nemi mai katin hoto na daban. Farashi kuma ban sa maka ba da gangan, yana bin dala, ka zaga shago uku ko huɗu kafin ka zauna ciniki. In ka je, ɗauki hoton shafin Task Manager da na batir da siriyal lambar ka turo min kafin ka tura kuɗi, in sha Allah zan duba maka.